Gano Matsalar Wuta da ta Hoto a Kwamfutar Tebur

1.0 Gabatarwa

A ɗauka ɗalibi ne ya kusa kammala kundinsa, ya zo da safe ya danna maɓallin kwamfuta, sai ya ga fuskarta baƙi ƙirin. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne aikin wata da watanni ya salwanta. Sau da yawa ba haka ba ne. Rubutun yana nan a faifan ajiya, wanda ke riƙe abin da aka zuba masa ko da babu wuta. Abin da ya sami tangarɗa shi ne hanyar da wuta ke bi ta shiga, ko kuma hanyar da hoto ke bi ya fito. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake bin hanyoyin nan biyu daki-daki, daga bango har zuwa fuskar kwamfuta, kafin a kashe kuɗi a kan kayan da lafiyarsu ƙalau.

2.0 Kalmomin da za a yi amfani da su

Kwamfutar tebur, wadda wasu ke kira kwamfutar girke, ta ƙunshi monita, wato fuskar da ke nuna hoto, da kuma babban akwati. A cikin akwatin akwai madabod, wato faffaɗan farantin da sauran kayan ke zaune a kansa. Da furosesa mai sarrafa umarni. Da RAM, ma'adanar wucin gadi. Da faifan ajiya. A wata kusurwa ta baya kuma akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka, wanda wayar bango ke shiga cikinsa. Shi za a riƙa kira akwatin wuta. Bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki.

Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "wuta". A bakin masu gyara tana nufin lantarkin kansa, kamar a "an ɗauke wuta", tana kuma nufin ƴar fitilar da ke gaban na'ura, kamar a "wutarta ta kama". Haka nan sukan ce kwamfuta "ta tashi" ko "ta mutu", kamar mai rai.

3.0 Matakin farko: a saurara, a duba

Baƙar fuska alama ce ɗaya, amma musabbabanta suna da yawa. Saboda haka ƙwararren mai gyara ba ya fara kwance kusa. Yakan danna maɓalli, ya kasa kunne, ya zuba ido. Abin da zai gani ba ya wuce ɗaya daga cikin uku: ko dai shiru, ba ƙarar fanka ba fitila, ko fanka na juyawa amma babu hoto, ko kuma kwamfutar ta tashi, can sai ta mutu da kanta. Na farko yana nuni ga wuta, na biyu ga hoto ko kayan madabod, na uku kuwa ga raunin wuta ko zafi.

Ƙa'idar aikin biyu ce. A fara da abu mai sauƙi da araha, sa'an nan a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canza waya da RAM da monita lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san wanne ne mai laifin ba.

4.0 Idan babu alamar wuta

Ana farawa daga bango. A jona fitila ko cajar waya a soket ɗin don a tabbatar yana da wuta. A cire duk abin da ke tsakani, kamar wayar ƙari ko sitabilaiza, a jona kwamfutar kai tsaye. A gwada wata wayar; galibi wayar monita da ta akwati iri ɗaya ce, ana iya musanya su. Idan fulogin mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda ake amfani da shi a Nijeriya da Gana, akwai fis a cikinsa da kan ƙone. Bayan haka a duba makunnin da ke bayan akwatin wuta, mai alamar 1 da 0, a tabbatar yana kan 1.

Kusa da shi, a tsofaffin akwatunan wuta, akwai wani ƙaramin jan makunni mai lamba 115 da 230. Wannan abin lura ne ƙwarai ga mai sayen kwamfutar hannu. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, alhali a Nijar da Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi tana tsakanin 220 da 230. Idan kwamfuta ta zo daga Amurka makunninta yana kan 115, aka jona ta a haka, sai a ji ƙara, a ga hayaƙi, akwatin wutar ya ƙone nan take. Yawancin sababbin akwatuna ba su da wannan makunni, domin suna karɓar wuta daga 100 zuwa 240 da kansu.

Idan duk waɗannan lafiya lau, sai a koma kan akwatin wutar. Aikinsa shi ne ya mayar da wutar bango zuwa ƴan ƙananan ma'aunai da kayan ciki ke iya ɗauka. A tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, kowace waya tana da launinta: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ta ƙasa. Babban mahaɗin da ke shiga madabod yana da ramuka 20 a tsofaffi, 24 a na baya. Akwai kuma wani ƙarami mai 4 ko 8 da ke ciyar da furosesa, wanda sau da yawa akan manta a mayar da shi bayan an yi shara.

A cikin babban mahaɗin akwai koriyar waya guda ɗaya. Mai cewa "tsanwa" sai ya ce tsanwar waya. Ta nan madabod ke umartar akwatin wuta ya tashi. Masu gyara sukan yi amfani da ita wajen gwaji: a cire wayar bango, a zare dukkan mahaɗai daga kayan ciki, a lanƙwasa ɗan guntun ƙarfe a haɗa ramin koriya da na kowace baƙa, sa'an nan a mayar da wayar bango. Idan fanka ta juya, akwatin yana tashi, sai a zargi maɓallin gaba ko madabod. To amma juyawar fanka ba shaidar cikakkiyar lafiya ba ce, kuma wasu sababbin akwatuna ba sa juya fanka sai aiki ya yi nauyi. Don haka sai an sa mitar awon wuta. An yarda ma'auni ya kauce da kashi 5 cikin 100 kawai: rawaya ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Abin da ya fita daga nan, a canza akwatin. Wasu kwamfutocin Dell da HP suna da mahaɗi na kansu wanda bai bi wannan tsari ba. Irin waɗannan ba a yi musu wannan gwaji.

5.0 Idan akwai wuta, babu hoto

Nan ma ana farawa daga waje. Fitilar monita tana ba da labari: idan ba ta kama ba sam, monitar ce ba ta samun wuta, idan ta kama da launin ruwan lemo ko tana ƙiftawa, tana da wuta amma saƙo ba ya iso mata. A duba wayar hoto a ɓangarorin biyu. Shuɗin mahaɗin VGA, wanda IBM ya fito da shi a 1987, yana da allurai 15. Idan ɗaya ta lanƙwashe, hoto kan rine ya koma ja-ja ko shuɗi-shuɗi, ko ya ɓace. Monita mai ƙofofi da yawa, kamar VGA da DVI da HDMI, tana iya jiran saƙo a ƙofar da babu komai, sai a zaɓa mata daidai daga maɓallanta. Bugu da ƙari, idan kwamfuta tana da katin hoto na daban, a jikinsa ake jona waya, ba a ƙofar madabod ba.

Wani gwaji mai sauƙi shi ne a haska tocilan dab da fuskar monita mai faɗi. Idan aka hango hoto dishi-dishi, kwamfutar lafiyarta ƙalau, fitilar da ke bayan gilashin ce ta mutu. Gwajin da ya fi yanke shakka kuwa shi ne musaya: a kai monitar ga wata kwamfuta, ko a jona kwamfutar da talabijin.

Idan laifin ba na monita ba ne, sai a shiga ciki. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta takan binciki kayanta kafin ta nuna komai, ta kuma faɗi sakamako da ƙara. A yawancin tsofaffin madabod ƙara ɗaya gajeriya tana nufin lafiya; doguwa ɗaya da gajeru biyu kuwa, a tsarin Award da na IBM, tana nufin matsalar hoto. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a duba littafin madabod ɗin. Da yawa daga cikin na yanzu suna da ƴan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda binciken ya cije.

Mai laifin da aka fi kamawa a nan shi ne RAM. Ƙurar hunturu da jijjigar ɗaukar kaya sukan sa ta daina haɗuwa da raminta sosai. A zare ta, a goge haƙoranta masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar har sai maƙallan gefe sun kama. Idan guda biyu ce, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Haka za a yi wa katin hoto. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saituna. Cire shi na ƴan mintoci yakan mayar da saituna yadda suka zo daga kamfani, wani lokaci hoto ya dawo.

6.0 Idan tana tashi tana mutuwa

Furosesa yana kashe kansa idan zafi ya kai masa iyaka. A lokacin bazara, cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙurar da ta toshe fanka ta isa ta jawo haka. Akwatin wuta da ya tsufa shi ma yakan iya ɗaukar ƙaramin aiki, ya kasa idan nauyi ya ƙaru. A kuma duba kafasito, ƴan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod. Ya kamata kansu ya zama shafaffe. Wanda ya kumbura ko ya zubo da wani abu ruwan ƙasa ya lalace. An sha fama da wannan a kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007. Inda wutar gari ke hawa da sauka, ko ake yawan komawa kan janareta, na'urar UPS tana rage wannan wahala, tana kuma ba mutum damar adana aikinsa kafin ya kashe.

7.0 Hattara

Kashe kwamfuta bai raba ta da wuta ba, domin wayar nan mai launin shunayya tana ba da bolt 5 muddin fulogi yana bango. Saboda haka kafin a sa hannu ciki a cire fulogi, a danne maɓallin gaba na ƴan daƙiƙoƙi. A taɓa ƙarfen akwati don sauke lantarkin da jiki ke tarawa, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Abubuwa biyu kuwa ba a buɗe su sai ƙwararre: akwatin wuta, da tsohuwar monita mai ƙeya, wadda ke aiki da wuta da ta haura bolt 20,000. Dukkansu suna riƙe wuta mai iya kisa bayan an cire fulogi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa baƙar fuska tana iya fitowa daga fis, ko makunni, ko waya, ko RAM da ta motsa, ba lallai daga babbar ɓarna ba. Wanda ya bi matakan nan, ko bai gyara da kansa ba, zai je wurin mai gyara da bayani sahihi: abin da ya ji, abin da ya gani, da abin da ya riga ya gwada. Ɗalibin da aka fara da shi kuwa, ko da madabod ɗin ne ya ƙone, galibi ana iya cire faifan ajiyarsa a jona a wata kwamfuta a kwafe kundin. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙa ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban tun kafin irin wannan safiya ta zo.