Surar Zuci da Ƙirar Fuskar Kwamfuta: Inda Harshe Ya Shigo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna gaban wata na'ura yakan ƙaga wa kansa bayanin yadda take aiki, ko da kuwa bai taɓa leƙa cikinta ba. Wannan bayani shi ne za a riƙa kira surar zuci a wannan maƙala. Kenneth Craik ya yi nuni da shi tun a 1943, amma Donald Norman ne ya shigar da shi fagen ƙira sosai a littafinsa na 1988, wanda daga 1990 aka san shi da suna The Design of Everyday Things. Manufar maƙalar ita ce ta fayyace wannan ra'i, sannan ta nuna cewa kaso mai tsoka na aikin da ake ɗauka na injiniyoyi ne, a haƙiƙa aikin masana harshe ne.

2.0 Surori Uku

Norman ya rarrabe abubuwa uku: surar da ke zuciyar mai ƙira, da surar da ke zuciyar mai amfani, da kuma fuskar na'urar, wato duk abin da ake gani ko ji ko karantawa a jikinta. Mai ƙira da mai amfani ba sa haɗuwa. Saboda haka fuskar ce kaɗai manzo a tsakaninsu, idan kuwa manzo ya karkatar da saƙo, mai amfani zai gina gurguwar fahimta, ya kuma yi aiki da ita cikin sakankancewa.

Misali mai sauƙi shi ne iyakwandishan. Mutane da yawa idan suka shiga ɗaki mai zafi sukan sauke lambar zuwa 16, bisa zaton cewa sanyi zai fi saurin zuwa, kamar yadda ruwa yake ƙaruwa idan an ƙara murɗa famfo. Alhali a irin na da, injin yana aiki ne da ƙarfi guda, lambar kuwa tana faɗa masa inda zai tsaya ne kawai. Willett Kempton ya tarar da irin wannan fahimta ta famfo a 1986 wajen masu amfani da na'urar ɗumama gida a Amurka. Asarar a nan ba ta wuce ta kuɗin wuta ba.

Akwai inda ta wuce haka. A ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunyar yana ta tsiyayewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe. Ashe abin da fitilar take shaidawa shi ne an aika umarnin rufewa, ba wai rufewar ta auku ba. Sai da aka shafe fiye da awa 2 kafin a toshe hanyar, kuma wani sashe na cikin tukunyar ya narke. Ma'aikatan ƙwararru ne. Sun yi aiki da abin da fuskar ta gaya musu. Daga irin wannan ne masu ƙira suke jaddada ƙa'idar martani, wato na'ura ta bayyana abin da ya faru, ba abin da aka nema ba. Suna haɗa ta da wasu ƙa'idoji, kamar a ga abin da za a iya yi a sarari, da kuma jerin maɓallai ya dace da jerin abubuwan da suke sarrafawa.

3.0 Siffantawa da Matsalar Fassara

Hanyar da aka fi bi wajen dasa sura a zuciyar mai amfani ita ce aro daga abin da ya riga ya sani. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 ta mayar da allo teburin ofis, da takardu da fayil-fayil da tiren saƙonni. Macintosh na kamfanin Apple ya yaɗa wannan salo daga 1984, har da kwandon shara. Wannan siffantawa ce irin wadda Lakoff da Johnson suka tattauna a 1980, kuma tana da iyakarta. A Macintosh na farko, mai son fitar da faifansa yakan ja hoton faifan ya jefa a kwandon shara, abin da ya tsorata masu amfani da dama, domin kowa ya san makomar abin da aka jefa a shara.

Idan aka zo mayar da fuskar kwamfuta ko ta waya zuwa Hausa, mai fassara ya zama mai ƙira ko ya so ko ya ƙi, domin kalmar da ya zaɓa ita ce za ta gina surar. A duba kalmar goge. Bahaushe ya san gogewa daga allon makaranta, inda rubutu ya tafi ke nan. Amma fayil ɗin da aka ce an goge yakan koma kwandon shara ne, kuma ko bayan an zubar da kwandon, a faifai da yawa bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a gurbinsu. Wanda ya sayar da kwamfutarsa yana ganin ya goge asirinsa, kalma ce ta yaudare shi.

Ta biyu ta fi jan hankalin mai nazarin harshe. Maɓallin janye umarni ana iya rubuta masa fasa. A baka ba a rikicewa, saboda fasa ta janye niyya tana da dogon wasali a gaɓar farko, ta farfasa abu kuwa gajere gare ta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka kalmomin biyu suka zama ɗaya a ido. A cikin jimla muhalli yana warware wannan. A kan maɓalli kuwa kalma tilo ce tsaye. Mai tura kuɗi ta waya da ya ga kuskure a lambar asusu ba shi da lokacin tawili. Soke ma ba ta tsira ba, tunda ana soke doka ana kuma soke rago. Zaɓi a tsakaninsu ba ƙamus ne zai yanke shi ba, sai an ɗora kalmomin a kan allo, an miƙa wa masu magana da harshen daga karuruwa daban-daban, an lura da abin da yatsansu ya taɓa.