Bishiyar Turare: Yalwa a Kano, Ƙarancin Wani Nau'inta a Mahaifarta

Matafiyin da ya tashi daga Fagge ya nufi Dambatta zai ga dogayen bishiyoyin turare a jere, waɗanda aka dasa don kare gonaki daga iskar hamada. Masana na kiran wannan nau'i Eucalyptus camaldulensis. Baƙuwa ce daga Ostareliya, ɗaya tak cikin dangi fiye da 700.

Yalwarta a nan kan sa a zaci duk danginta haka suke da juriya, alhali kuwa akwai masu rauni. Ga misali Eucalyptus camfieldii, wadda masanin tsirrai Joseph Maiden ya bayyana a 1920. Gajeruwa ce, ba ta tsira sai a ƙasa mai rairayi marar ƙarfi, kusa da gaɓar teku a yankin birnin Sidni. A gindinta akwai wani kumburi mai ajiye abinci da idanun toho, wanda ke farfaɗo da ita bayan gobarar daji. Sai dai idan gobara ta yawaita, ajiyar kan ƙare, ƙananan kuma su ƙone tun ba su yi iri ba. Gine-gine da tituna ma sun ci mazauninta.

A ƙarƙashin dokar muhalli ta 1999, Ostareliya ta lissafa ta cikin itatuwa masu fuskantar barazana. Killace gandun daji kaɗai bai wadatar ba, sai an ƙayyade tazarar da ke tsakanin gobara da gobara.