Ɗinya da Kanya: a Wanke Kafin a Ci

In lokacinsu ya yi, ɗinya da kanya da magarya kan cika kasuwannin Tasawa da Mayahi. Yara ke tsinto su a gindin itace, sau da yawa kusa da inda ake zagayawa, kuma ɗanyu ake cin su. Ƙwayar wasu ire-iren ciwon shawara kuwa cikin bayan gida take fita, ido ba ya ganinta, shanya ba ta kashe ta. A shekarar 2017 wani irin shawara ya ɓarke a jahar Difa ta hanyar gurɓataccen ruwa, mata masu ciki suka fi mutuwa. Goge ɗinya a jikin riga ba wanki ba ne. Mai tsinta ya wanke hannu da sabulu, mai saye ya ɗauraye ƴaƴan da ruwan pampo.