Ƙaro da tsatsa: abin da bishiyoyin daji za su iya yi wa ƙarfen da ke jikin majiyyaci

Idan haɗarin mota ya rutsa da matafiyi a hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Tambuwal, kuma karayar ta gagari mai ɗori, akan garzaya da shi asibitin ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A can likitoci kan haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Daga ranar ƙarfen ke fara kokawa da jikin da aka saka shi domin ya ceta.

Ruwan jikin ɗan Adam yana da gishiri kimanin kashi 0.9 cikin ɗari, ga ɗumi na digiri 37. Wannan yanayi yana cin ƙarfe sannu a hankali. Ƙarfen 316L, wanda asibitoci ke yawan amfani da shi saboda rangwamen farashi, yana ɗauke da sinadaran nikel da kiromiyam. Idan ya fara zaizayewa, sukan tsiyaya cikin nama su haddasa kumburi da ciwo, wani lokaci har a sake tiyata. Ga manomi daga Kebbe, tiyata ta biyu na nufin sayar da dabba ko gona.

Shi ya sa masana ke gwada shafe ƙarfen da abin da zai shiga tsakaninsa da ruwan jiki, ciki har da danƙon itatuwa. A 2006, Saviour Umoren na Jami'ar Uyo da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya nuna ƙaro yana rage zaizayewar alminiyam. A 2008 ya nuna haka ga ƙarfe cikin ruwan asid. Ƙwayoyin ƙaron kan manne a fuskar ƙarfen su zame masa garkuwa.

Sai dai a nan akwai gyara. Gwajin na masana'antu ne, ba na jikin mutum ba. Ƙaron dakwara kuma yana narkewa a ruwa, don haka shi kaɗai ba zai daɗe a jiki ba. Danƙon da ruwa ba ya narkarwa, irin na hano da dashi, shi ya fi kusa da abin da ake nema. Kafin a kai ga majiyyaci, dole a gwada a kan dabbobi, sannan mutane, sannan hukumar NAFDAC ta amince. Duk wanda ya ce a cusa ƙaro a rauni, mayaudari ne.

Najeriya na cikin manyan masu samar da ƙaro tare da Sudan da Chadi, amma galibinsa ɗanye ake fitarwa, a sarrafa shi a Turai. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa wakilansu ita ce: nawa ne daga kuɗin binciken TETFund ke zuwa ga nazarin waɗannan bishiyoyi, kafin masu gawayi su gama da su?