Burtalin da Aka Nome, Ajin da Ya Watse

A ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, saɓanin manomi da makiyayi yakan taso ne da kaka, lokacin da shanu ke neman hanya, dawa kuwa ba ta bar gona ba. Daidai lokacin ne zangon farko na karatu ke tsakiyarsa. Da zarar ƙauye ya ɗauki zafi, uba yakan tsare ɗansa ya yi gadin amfanin gona, uwa ta hana 'yarta ratsa daji, malamin da ke zuwa daga gari a kan babur ya fara ƙidaya kwanakin da zai zo. Ɗan ruga ya fi kowa asara, domin idan iyayensa suka tashi, karatunsa ya tsaya ke nan, duk da Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa tun 1989.

Wasu za su ce nan ba Zamfara ba ce, kuma talauci da ƙarancin malamai ne ke kashe makarantun karkara. Gaskiya ne, amma makarantar da ke da malamai biyu ita ce tsoro ke saurin rufewa, ko ba a zubar da jini ba. Dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a 2024 za ta gina azuzuwa, sai dai gini ba ya buɗe burtalin da aka nome. Wannan aikin Masarautar Karaye ne da ƙananan hukumomin biyu: a zaunar da dagatai, arɗo-arɗo da shugabannin makarantu tun kafin girbi, a shata hanyar shanu zuwa mashaya.