Wayoyin Cikin Jitar Lantarki da Yadda Ake Sauya Mata Murya

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da zai ɗaga muryarta irin na gurmi ko molo. Jikinta katako ne mara kogo, kuma in aka kaɗa ta ba a jona ta da amfilifaya ba, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Amon da ke cika filin biki yana fitowa ne daga fikof, wato 'yar na'urar da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubu bakwai zuwa takwas. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai wuta 'yar kaɗan ta taso a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Kafin wutar nan ta kai ga amfilifaya sai ta ratsa makunni, da mamurɗan ƙara da na launin sauti, da kafasita. Duk gyaran da ake yi wa muryar jita daga ciki, a kan wannan gajeriyar hanya ake yin sa.

A Nijar maganar ba baƙuwa ba ce. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda Tinariwen ta Mali da Abdallah Oumbadougou na Agadas suka share wa fage, ya kai Bombino da Mdou Moctar manyan dandamalin duniya. Mdou Moctar ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, kuma yau an san shi da Fender Stratocaster ta bahagwai. Irin wannan jita da kwaikwayonta masu araha sun yawaita a hannun matasan makaɗa, don haka tsarin wayoyinta ya fi cancantar a sani.

Stratocaster ta fito a 1954 da fikof uku: ɗaya wajen wuya mai taushin murya, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da maɗaurin tsirkiya mai kaifi. Makunninta na asali matsayi uku gare shi, kowane fikof shi kaɗai. Makaɗa suka gano cewa in aka tsayar da makunnin tsakanin matsayi biyu, fikof biyu suna aiki tare su ba da wata siririyar murya mai daɗi, har kamfanin Fender ya bi su ya koma makunni mai matsayi biyar a 1977. Wasu suna ƙara wani ɗan makunni domin na wuya da na maɗauri su haɗu, abin da tsarin kamfani bai tanada ba. Wasu kuma suna jera fikof biyu bi da bi, wutar ɗaya ta ratsa ɗaya, sai muryar ta yi kauri da ƙarfi.

Mamurɗin launin sauti shi ne wanda aka fi jahilta, alhali aikinsa mai sauƙi ne. An haɗa shi da kafasita, ita kuma tana kaiwa ga wayar ƙasa. Kafasita tamkar rariya take: sauti mai kaifi yana zubewa ta cikinta ya tafi, mai kauri ya tsaya ya wuce zuwa amfilifaya. Mamurɗin ne ke buɗe hanyar zuwa rariyar ko ya toshe ta. Girman kafasita shi ke yanke iyakar abin da za a zubar. Stratocaster ta farko tana da mai maikurofarad 0.1, wadda in an murɗe ta gaba ɗaya muryar kan dusashe ƙwarai. Daga baya aka fi amfani da 0.047 da 0.022. Ga mai salon Agadas, inda yatsu ke gudu a kan tsirkiyoyin sama yayin da ta ƙasa ke riƙe da amo ɗaya, ƙaramar ta fi dacewa, domin tana rage kaifi ba tare da ta haɗiye tsakiyar muryar ba. Shi kansa mamurɗin yana da tasiri ko da an buɗe shi duka. Mai kilo'om 250 yana ɗan tausasa sauti, shi ya sa ake sa shi ga fikof mai naɗi ɗaya, mai 500 kuma yana barin kaifi ya fita.

A tsohon tsarin Stratocaster, fikof ɗin maɗauri, wanda ya fi kowanne tsini a kunne, ba shi da mamurɗin launi ko kaɗan. Gyaransa guntuwar waya ce da ake liƙawa da dalma tsakanin ƙafafu biyu na makunni, sai mamurɗin launi na fikof ɗin tsakiya ya riƙa yi wa na tsakiya da na maɗauri aiki tare. Babu gyaran da ya kai wannan riba idan aka dubi kuɗinsa, musamman inda ake kiɗa da ƙaramar amfilifaya da lasifikar ƙaho mai tsananta kaifi. Na biye da shi ya shafi mamurɗin ƙara. Da an rage ƙara sai muryar ta dishe, saboda doguwar igiyar da ke zuwa amfilifaya ita ma tana shan sauti mai kaifi. Kafasita ƙarama mai kimanin 0.001 da aka ɗora tsakanin mashiga da mafitar mamurɗin tana maganin wannan. Bahago kuwa yana da tasa matsalar: in aka juya wayoyin mamurɗin na dama domin ya murɗu ta ɗaya ɓangaren, duk canjin ƙarar sai ya taru a gefe guda, sai an samo mamurɗin da aka ƙera don hagu.

Sai ƙugin da ake ji ko ba a taɓa tsirkiya ba. Fikof mai naɗi ɗaya yana kama wutar da ke kewaye da shi, wadda a Nijar da Najeriya take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance wannan da naɗi biyu masu saɓanin fuska, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, kuma aka fara sa irin wannan fikof a jitar Les Paul a 1957. A Stratocaster ana samun haka in aka sa fikof na tsakiya mai juyayyen naɗi da juyayyen maganaɗisu, sai matsayi na biyu da na huɗu su yi tsit. Shimfiɗa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyom a cikin ramin wayoyi, a haɗa ta da wayar ƙasa, yana rage zizar da fitilu da cajar waya ke jawowa.

A wuri irin Bune, cikin yankin Gure na jihar Damagaram, inda tuddan rairayi ke kewaye da kwaruruwan dabino da kanwa, babban abokin gabar jita ƙura ce. Tana shiga mamurɗi ta zauna a kan hanyar gawayin da ke ciki, sai a ji ƙaras-ƙaras duk lokacin da aka murɗa, zufa kuma tana sa makunni tsatsa. Yawan makunnai a nan yawan ƙofofin lalacewa ne, don haka gyare-gyare biyu ko uku da aka liƙa da kyau sun fi tarin dabaru. Mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya dukansu, muddin bai bar zafi ya daɗe a bayan mamurɗi ba, kuma ya wanke shi da maganin fesa na kayan lantarki. Kada a sa man inji, domin ƙura yake tarawa.

Akwai haɗarin da ya wuce lalacewar sauti. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya, saboda haka hannun makaɗi yana kan wannan layi muddin yana kiɗa. Idan amfilifayar ta lalace, ko janaretan biki ba shi da sandar da aka kafa a ƙasa, mai riƙe da jita da ya taɓa makirufo yana iya zama hanyar da wuta za ta bi. Haka ta kashe makaɗin jita Les Harvey a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972. Ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya kada a yanke ta don a rage ƙugi. Amfilifaya da na'urar makirufo a jona su a soket ɗaya mai wayar ƙasa, sandar janareta kuma a kafa ta da zurfi a jiƙa gurbinta, domin busasshen rairayi ba ya karɓar wuta.