Teyatur a makarantun Madawa, Buza da Keita: wa ke lura da masu aikin bayan labule?

A kowace shekara, idan karatu ya kusa ƙarewa, makarantu da dama a gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, sukan shirya biki, a gayyato iyaye da mahukunta, a yi waƙe-waƙe da raye-raye, a rufe da wasan kwaikwayo, wanda jama'a suka fi sani da teyatur. Abin da ƴan kallo ke gani bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. Amma kafin wannan dare akwai kwanaki da yawa na sara da kafi da ɗinki da shafen fenti, kuma yara ne ke yin aikin, sau da yawa ba wani babba a kansu, domin malamin da aka ɗora wa wasan yana can cikin aji yana koya wa ƴan wasa maganarsu.

Al'adar ba sabuwa ba ce. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta raya samariya, kuma daga 1976 aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, inda ƙungiyoyi ke karawa tun daga ƙananan garuruwa har zuwa matakin ƙasa baki ɗaya. A wannan zamani ne irin su Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram suka shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin. Samariya tana da aibinta, tun da hannun hukuma ce, amma tana da shugabanni da aka sani da suna, kuma kafintocin gari da maƙera da teloli suna cikinta. Da tsarin ya watse bayan taron ƙasa na 1991, sha'awar wasan ta zauna a makarantu, gwanayen sana'a kuwa suka koma rumfunansu.

Babban haɗarin shi ne wuta. Itace yana da tsada a wannan yanki, shi ya sa tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, aka kuma buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984. Katako ba abin da za a ba yaro ya yi bukkar wasa da shi ba ne. Saboda haka da zana da karan dawa da kwali ake yin fadar sarki da ɗakin boka da shagon ɗan kasuwa. Bikin kuma yakan faɗo cikin bazara, lokacin da kara ya bushe ƙayau. A kusa da wannan kaya ne ake ajiye fitilar kananzir, da dutsen guga mai gawayi na ƴan mata masu gyaran tufafi, da injin wuta tare da jarkar mansa, da wayoyin da aka ƙulla aka naɗe da leda.

Ƙasar nan ta riga ta ga abin da zana ke yi idan ta kama. Ranar 13 ga Afrilu 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, aƙalla yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, irin wannan ta auku a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu, har gwamnati ta hana azuzuwan zana ga ƙananan yara na share fage. Waɗannan da rana suka faru, lokacin karatu. Wurin teyatur kuwa dare ne, ga cunkoso, ga ƙofa guda, kuma bayan labule duhu ne.

Sauran haɗarurrukan ƙanana ne a ido. Dandamalin da aka yi da teburan aji, aka jera ba ɗauri, yana buɗewa a ƙarƙashin mai rawa. Yaro yana hawa kujera bisa tebur don rataya labule domin babu tsani. Tsohuwar ƙusa da ta huda ƙafa tana iya kawo ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, idan an rufe raunin da tsumma aka yi shiru don kada a cire yaron daga wasa. Farar ƙasar shafen bango tana ƙona ido. Ga kuma wasannin tarihi, waɗanda ɗalibai suka fi so, kamar karon Sarauniya da sojojin Faransa a Lugu cikin 1899: nan ne ake aro takobin gaske da mashi daga gida, domin na kwali ba ya walƙiya. Lalle ba ya walƙiya, amma takardar azurfa ta kwalin shayi tana maganin wannan.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abu na farko, darektan makaranta ya naɗa malami na biyu, da sunansa a rubuce, wanda aikinsa kawai shi ne wurin haɗa kaya: shi ke riƙe da zarto da guduma da adda, ya fito da su, ya ƙirga su da yamma, kuma ba a aiki idan ba ya nan. Ƙungiyar iyayen yara tana iya roƙon kafinta guda ya duba dandamali, mai gyaran lantarki guda ya ja waya. A garuruwan nan da wuya a rasa su cikin iyayen ɗaliban kansu. Aikin wuta da hawa sama na manya ne. Yara su auna, su zana, su ɗinka, su yi fenti a fili inda iska ke ratsawa, su tashi kafin magariba, musamman ƴan matan da ke komawa unguwanni masu nisa.

A daren wasa kuma, injin wuta da mansa su kasance can nesa da zana, fitilar batir ta maye gurbin ta kananzir, a ajiye bokitan ruwa da na yashi a gefe biyu na dandamali, a bar ƙofa biyu a buɗe ba benci a gabansu. Idan hadari ya taso da iska, kamar yadda yakan yi a ƙarshen Mayu da Yuni, malamin nan na biyu ne ke da ikon tsayar da wasa, ko da manyan baƙi suna zaune a sahun gaba.